Kururuwar Cikin Jini: Lacca Kan Kumburi da Amosanin Gaɓɓai a Yammedi

 

Ranka ya daɗe Dagaci, masu unguwanni, limamai da malamanmu Allah ya gafarta muku, iyayena maza da mata, 'yan'uwana ma'aikatan lafiya da suka taso daga Karaye da Rogo da garuruwan da ke tsakani, da ku 'yan makaranta da ke can baya, sannunku da zuwa. Na gode da kuka ajiye ayyukanku kuka zauna domin maganar ciwon gaɓɓai. Ciwo ne da ba ya ta da hankalin gari kamar amai da gudawa ko sanƙarau, amma yakan zaunar da mutum shekara 20 a kan tabarma yana ji yana gani.

In ka tambayi mai wannan ciwo a ƙasar nan me ya same shi, amsar guda ce: sanyi. Masuncin da ya kwana yana jan koma a madatsar ruwa ta Challawa zai ce sanyi ne ya shige shi. Mai noman rani da ya wuni da ƙafa cikin laka, haka. Tsohuwar da hunturu ya hana miƙewa da asuba, haka. Ba na raina wannan magana, don akwai lura ta gaskiya a cikinta: sanyi yana ƙara wa gaɓa mai ciwo tauri da zugi. Amma duk wanda ke da mai kumburin gwiwa ko na wuyan hannu a gida, ina roƙonsa in ya koma yau ya ɗora bayan hannunsa a kan gaɓar. Ɗumi zai ji, fiye da na fatar da ke kusa da ita. To wa ya hura wannan ɗumi?

Tun ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa alamomin kumburi guda 4: ja, da tasowa, da zafi, da ciwo. Likitocin Musulunci ma sun daɗe a wannan fage. Abubakar al-Razi ya yi littafi sukutum a kan wani ciwon gaɓa da ake kira gawut, Ibn Sina kuma ya ware wa ciwon gaɓɓai babi a cikin Al-Ƙanun. Alamomin duk sun gan su. Sanin mai ba da umarni a cikin jiki ne bai samu ba sai a zamaninmu.

Mu fara daga abin da kowa ya sani. Ƙayar aduwa ta soki yaro a tafin ƙafa. A ƙarƙashin fata, da cikin hanta da huhu da gaɓɓai, akwai wasu ƙwayoyin halitta na garkuwar jiki da ke zaune suna gadi, likitoci suna kiransu makurofaj. Da sun ji ƙwayar cuta ko naman da ya yage, sai su saki wasu ƙananan sinadarai na furotin a cikin ruwan jiki. Su ne saitokin. Ba su ne ke kashe ƙwayar cuta ba, aikinsu kai saƙo. Kowannensu yana da wurin da yake maƙalewa a jikin ƙwayar halittar da aka aike shi gare ta, in ya maƙale sai ta sauya aiki nan take. Ƙananan hanyoyin jini su buɗe, jini ya kwararo wurin, ga ja ga zafi, ko da yake a baƙar fata irin tamu jan ba ya fita sosai, sai dai wurin ya yi duhu yana sheƙi. Bangon hanyoyin ya saki, ruwa ya tsiyayo cikin nama, ga kumburi. Jijiyoyin da ke kai labarin ciwo su ƙara kaifi, ko zani ya gogi wurin sai yaro ya yi kuka. Fararen ƙwayoyin jini kuma su yi ta ɓullowa suna cinye ƙwayoyin cutar, gawarwakinsu ne mugunyar da uwa ke matsewa bayan 'yan kwanaki.

Kamar kururuwa ce a gari. Ɓarawo ya shigo cikin dare, mutum ɗaya ya kurma ihu, maƙwabci ya karɓa, kafin ka ce kwabo gari ya fito da sanduna da fitilu. Garin da ba a kururuwa a cikinsa ya zama na ɓarayi. Amma kururuwa tana da lokacin yankewa: an kama ɓarawo, mai unguwa ya ce a watse, kowa ya koma shimfiɗarsa. Jiki ma yana da masu cewa a watse, su ma saitokin ne, irin su IL-10, kuma su ne ke sa ƙafar yaron nan ta sauka bayan mako guda.

Saitokin sun fi 100, amma guda 3 nake so ku riƙe. Na farko ana ce masa TNF, labarinsa kuwa ya ratsa ta garken shanu. A 1975 Lloyd Old da abokan aikinsa a Amurka suka gano wani sinadari a jinin ɓeraye da ke ruɓar da ƙarin ciwon daji. A wajen wannan lokaci wani masani, Anthony Cerami, ya je Kenya gwajin maganin sammore. Makiyayan da ke cikinmu sun san saniyar sammore: ga ciyawa ga ruwa, amma kullum ramewa take yi har haƙarƙari ya fito a ƙirga. Abin da ya ɗaure wa Cerami kai shi ne ƙwayoyin cutar da ke jinin saniyar ba su da yawan da za su cinye ta haka. Sai ya yi zaton jikinta ne da kansa ke fitar da abin da ke ramar da ita. Ya koma gida ya yi ta bin sawun abin, har a 1985 shi da Bruce Beutler suka tabbatar sinadarin rama da TNF abu ɗaya ne. Shi ɗin ne kuma, tare da na biyu, IL-1, ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon ta ɗaga zafin jiki idan zazzaɓin cizon sauro ya kama mutum. A 1990 wani bincike a Gambiya ya nuna yaran da zazzaɓin ya taɓa wa ƙwaƙwalwa har suka rasu, TNF ɗin da ke jininsu ya fi na waɗanda cutar ta zo musu da sauƙi nesa ba kusa ba.

Na uku shi ne IL-6, wanda Tadamitsu Kishimoto da mutanensa suka tantance a Osaka ta Japan a 1986. Shi hanta yake kai wa saƙo. In ya isa, hanta ta fitar da sinadarin CRP, wanda muke aunawa a gwajin jini don mu san ƙarfin kumburi, ta kuma sa a kulle sinadarin ƙarfen da ke jiki, ɓargo ya rasa abin yin jini. Shi ya sa mai daɗaɗɗen kumburi ke fama da ƙarancin jini da kasala ko da yana cin abinci, a yi ta ɗura masa maganin ƙarin jini ba a ga canji ba.

To, amosanin gaɓɓai irin wanda ake kira rumatoyid, kururuwa ce aka fara babu ɓarawo, aka kuma rasa mai cewa a watse.

Wanda ya taɓa fasa gwiwar rago ranar Babbar Sallah ya ga yadda gaɓa take: bakin ƙashi biyu, kowanne da farin guringuntsi mai santsi, ga ɗan ruwa mai yauƙi a tsakani, ga tantani siriri ya lulluɓe su. Tantanin nan ne ke yin ruwan. A jikin mai rumatoyid garkuwar jiki takan juya kan wannan tantani. Fararen ƙwayoyin jini su cika shi, su yi ta zuba TNF da IL-1 da IL-6 ba dare ba rana, kowane saƙo yana kirawo wasu ƙwayoyin, su ma su zo su ƙara nasu. Tantanin ya yi kauri, ya yi tsiro, ya hau kan guringuntsi yana zuba masa sinadarai masu narkar da shi. Saƙon ya kuma ta da wasu ƙwayoyin da aikinsu gwaguyar tsohon ƙashi don a yi sabo, su shiga cin gefen ƙashi mai lafiya. Abin da ya ciwu ba ya dawowa. A yawancin waɗanda ba a yi wa magani ba, hoton ƙashi yakan nuna wannan zaizaya tun cikin shekara 2 ta farko.

Ga yadda abin ke shigowa gida. Mace ce 'yar shekara 35, wataƙila 'yan watanni bayan haihuwa. Ta tashi sallar asuba, yatsunta sun ƙage, hannu biyu duka, ta kasa riƙe buta. Ɗaurin zani sai 'yarta ta kama mata. Zoben da ta daɗe da shi ya matse. Sai rana ta ɗaga, bayan awa 1 ko 2, hannun ya ɗan saki, ta ɗauki muciya, mutanen gida su ce ai ga shi ta warke, dama raki ne. Wallahi ba raki ba ne. IL-6 yakan hau a jini a ƙarshen dare, sinadarin jiki mai kwantar da kumburi, kotisol, ya yi ƙasa cikin dare, in ya taso ma ba ya isa. Taurin asubar nan da ke wuce awa guda yana cikin manyan alamomin da muke nema.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ne ke da rumatoyid a 2019, kusan kashi 70 cikin 100 mata. Akwai gado a cikinsa, shan taba sigari yana ƙara haɗarinsa ƙwarai, haka shaƙar ƙurar fasa dutse, an kuma ga yana da alaƙa da daɗaɗɗen ciwon dasashi. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma bai kamata a ɗora shi a kan kishiya ko maƙwabci ba.

An daɗe ana gaya wa ɗaliban likitanci wannan ciwon Turawa ne. Maganar tana da tushe. Brian Greenwood, likita ɗan Ingila da ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan kafin ya koma Zariya a 1970 ya shekara 10 a can, ya rubuta a 1968 cewa ba a cika ganin rumatoyid a 'yan Nijeriya ba, ya yi hasashen yawan zazzaɓin cizon sauro ne ke sauya halin garkuwar jiki. Hasashe ne na mai ilimi, amma wasu suka riƙe shi tamkar hukunci. A 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka buga bayanin masu rumatoyid 200 da suka gani a Legas, mafi yawansu mata. Ni a ganina ciwon yana nan cikinmu fiye da yadda lissafi ke nunawa, don matar ƙauye ba ta cika isa gaban wanda zai ƙirga ta ba.

Yaya aka yi aka tabbatar saitokin ne ke ɓarnar? A cibiyar Kennedy da ke Landan, Ravinder Maini da Marc Feldmann suka riƙa karɓar tantanin da aka cire daga gaɓɓan marasa lafiya a wajen tiyata suna rainonsa a ɗakin gwaji. Saitokin da suka tarar sun yi yawa, har masana da dama suka ce toshe ɗaya aikin banza ne, sauran za su ci gaba. A 1989 suka toshe TNF kaɗai, sai IL-1 ya faɗi, daga baya aka ga wasu ma sun bi shi. Ashe shi ne ja-gaba. A 1992, a asibitin Charing Cross, suka ɗura wa marasa lafiya 20 da magunguna suka gaza a kansu wani magani mai kama TNF ya riƙe, shi ne infiliksimab. Cikin kwanaki kumburi ya sauka, CRP ya faɗi, tauri ya ragu. Da maganin ya fita daga jiki ciwon ya dawo, wato dannewa ce, sai an ci gaba da bayarwa. Daga nan magungunan suka yi ta fitowa: etanasef a 1998, adalimumab a 2002, sai tosilizumab mai toshe hanyar IL-6, wanda a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da shi ga masu cutar korona mai tsanani.

Amma a 2001 aka buga rahoton mutum 70 da tarin fuka ya tashi musu bayan an ba su infiliksimab. Dalili kuwa, mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar tarin a huhu tana kwance, garkuwar jiki ta kewaye ta ta tsare, TNF ne kuma ke riƙe da wannan tsaro. In an kawar da shi, ta samu ƙofa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, saboda haka a nan ba a taɓa waɗannan magunguna sai an bincika huhu da hanta. Ga tsadar da ta fi ƙarfin manomi da ma'aikaci, ga shi sai an ajiye su a firij.

Ban kawo labarin Landan don in sa muku kwaɗayin abin da ya fi ƙarfin aljihu ba. Akwai tsohon magani mai rangwame da har a Turai da shi ake farawa, sunansa metotireksat. Yana rage wannan kai-kawo na saƙonni daga tushe, kuma in an fara shi cikin watannin farko yakan tsare gaɓɓan mutane da yawa daga lalacewa. Yana da sharuɗɗa, ina so a ji su da kyau. Sau ɗaya ake shansa a mako, rana guda tsayayya. Wanda ya sha shi kullum yana iya rasa ransa. Ana haɗa shi da folik asid, ana duba jini da hanta lokaci zuwa lokaci. Mai ciki, da mai neman ciki, da mai shayarwa ba sa shansa, su akwai nasu da likita zai zaɓa, irin su haidiroksikulorokwin da salfasalazin. Kuma ba ya nuna aikinsa sai bayan wata 1 zuwa 3. A nan ne mutanenmu ke karaya, su ce maganin asibiti ba ya ji, su koma kemis.

Maganar kemis ita ce ta fi ci mini rai. A 1948 wani likita a Amurka, Philip Hench, ya yi wa wata mata 'yar shekara 29 da rumatoyid ya kwantar allurar kotison, cikin kwanaki ta tashi tana tafiya. Duniya ta ɗauka an gama da ciwon, aka ba shi kyautar Nobel a 1950. Ba a jima ba illar ta bayyana. Jikokin wannan magani, deksametason da firednisolon, su ne ake ƙulla wa mutanenmu a cikin haɗi, su ne kuma ke cikin abin da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Suna rufe bakin saitokin kusan gaba ɗaya, masu ɓarna da masu gadi, shi ya sa mutum ke sha da dare ya tashi garau, ya yi ta sa wa mai kemis albarka. Ya shekara yana sha. Fuska ta yi fam, ciki ya fito, ƙafafu su tsumure, ciwon suga da hawan jini su shigo, yana ta rufe ido, ƙashi ya yi sako-sako, kan ƙashin ƙugu ya mutu, tarin da ke kwance ya tashi. Mu ma muna ba da waɗannan magunguna, amma kaɗan, na ɗan lokaci, kafin metotireksat ya kama aiki. Wanda kuma ya daɗe yana sha, don Allah kada ya ji wannan magana ya yanke yau. Jikinsa ya daina yin nasa kotisol ɗin, yankewa lokaci guda tana iya kisa. A hankali ake janye shi, a hannun likita.

Su kuma daikulofenak da ibufurofen da firoksikam, can ƙarshen saƙo suke tarewa. John Vane ya nuna a 1971 cewa asfirin yana hana jiki yin sinadarin da ke ƙara wa jijiya jin ciwo, danginsa ma haka suke. Zugi ya lafa, amma tantani yana nan yana cin guringuntsi. Mai shan kala biyu ko uku a tare, ba abinci a ciki, ya wuni a gona cikin rana ba ruwa, gyambon ciki da ciwon ƙoda yake saya.

Ba kowane ciwon gaɓa ne rumatoyid ba. Mafi yawa ma shi ne na zaizayar guringuntsi, wanda shekaru da nauyi da tsohon rauni ke kawowa, mutum miliyan 528 ne ke da shi a duniya a 2019. Shi taurinsa na safe ba ya kai rabin awa, aiki ne ke ta da shi, magungunan toshe TNF kuma ba su yi masa wani abin kirki ba. Motsa jiki da rage ƙiba sun fi masa amfani: kilo 1 da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Gawut kuwa yakan faɗo wa namiji cikin dare a babban yatsan ƙafa. Sinadarin yurik asid ne ke daskarewa a gaɓa, makurofaj su haɗiye shi su fitar da IL-1, kamar yadda aka nuna a Suwizalan a 2006. Yawan kayan ciki da nama da lemon kwalba da giya suna zuga shi, kuma yana jin magani sosai.

Wanda ba a kwana da shi a gida shi ne gaɓa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, musamman a yaro ko mai sikila. Wannan ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, tana iya lalata ta cikin kwanaki. Kada a tsaga, kada a yi sakiya, kada a kafa ƙaho, a kai asibiti a ranar. Haka yaron da ciwon gaɓa ke yi masa yawo daga gwiwa zuwa idon sawu zuwa gwiwar hannu makonni kaɗan bayan ciwon maƙogwaro, shi zuciyarsa ake jin tsoro.

Na san za a tambaye ni maganin gargajiya. Iyayenmu sun daɗe suna amfani da hano saboda ciwon gaɓɓai, ɗan'uwansa da ke Indiya kuma an gwada ƙaronsa an ga yana ɗan rage ciwon gwiwa na zaizaya. Wannan gaskiya ce, ba na ɓoye ta. Amma rage ciwo daban, tsare ƙashi daga ciwuwa daban, kuma babu jiƙon da aka tabbatar yana tsayar da rumatoyid. Garin magani ko ruwan gora da ke ɗauke ciwo cikin dare ɗaya, ya buɗe ciki, ya cika fuska, ku yi zargin an zuba masa deksametason.

'Yan'uwana ma'aikatan lafiya, ku ne ƙofar farko. Mai ciwon gaɓa in ya zo, ku tambaye shi tsawon lokacin da tauri ke ɗauka da safe, da ko ɓangare biyu ne, da ko kumburin ya haura mako 6. Ku kama tushen yatsunsa ku matsa a hankali kamar mai gaisawa. In ya janye hannu, ga taurin asuba, ga kumburi, kada ku riƙe shi kuna canza masa maganin ciwo. Ku rubuta masa takarda zuwa babban asibiti, daga can zuwa asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin wannan fanni. Mutanen Rogo kuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya bai yi musu nisa ba. Wanda gaɓarsa ta riga ta lalace, asibitin ƙashi na Dala yana da abin da zai yi masa, amma so muke kada a kai can.

Magidanta, mace ba ta tafiya Kano sai da izininku da kuɗin motarku. Watannin farkon nan da ake cewa a bari a gani, a cikinsu ne ake iya ceton hannun. Malamanmu kuma, Allah ya gafarta Malam, a taimaka a sanar da waɗanda gwiwa ta hana ruku'u da sujada irin sauƙin da shari'a ta yi musu, don da yawa suna azabtar da kansu cikin rashin sani.

Mai zuwa ganin likita ya tafi da duk abin da yake sha, ledar kemis da ƙullin gari da gorar jiƙo, ya zube su a kan tebur. Ba faɗa za a yi masa ba. So ake a san abin da ke cikin jininsa kafin a ɗora masa wani.

Yanzu sai tambayoyi, kuma ina roƙon a fara ba iyayenmu mata dama.